Bunaji da Firisiyan jinsi ɗaya ne? Amsa kan sunayen shanu a kimiyyance

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a nan Jos, ina karatun kiwon dabbobi, kuma mahaifina yana da ɗan garke a bayan gari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sunan saniya a kimiyyance. Wani littafi ya ce shanunmu masu tozo sunansu Bos indicus, wani ya ce Bos taurus indicus, na kuma ga inda aka rubuta Bos primigenius indicus. Wanne ne daidai? In har Bunaji da saniyar Turawa jinsi biyu ne daban, ta yaya suke haihuwa tare, 'ya'yansu ma su haihu? Baba yana so ya sa bijimin Firisiyan a garkenmu, na kasa yi masa bayani. Sannan muturu fa, a wane ɓangare yake?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ka gaida mini Baba.

In na fahimce ka, abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya. Kana son sanin dalilin da saniya ɗaya ta sami suna uku, kana son sanin ko mai tozo da marar tozo jinsi ɗaya ne, sannan akwai maganar bijimin da Baba yake so ya saya, wadda ita ce za ta ci kuɗi. Bari in fara ba ka matsayina. Duka sunayen nan uku masana suna amfani da su, babu wanda ya zo daga kuskuren ɗab'i. A wurina shanun gida duka jinsi ɗaya ne mai rassa biyu, reshen masu tozo da reshen marasa tozo, shi ya sa a takarduna nake rubuta Bos taurus indicus da Bos taurus taurus. Amma waɗanda suka raba su gida biyu suna da hujja mai nauyi, kuma ya kamata ka san ta.

Tsanin da ake jera dabbobi a kai

Wannan ka riga ka haddace shi a aji, don haka ba zan daɗe a kai ba. Saniya tana cikin Animalia, wato dabbobi, sai Chordata, inda masu ƙashin baya suke, sai Mammalia, masu shayarwa. Daga nan ta shiga Artiodactyla, rukunin masu kofato da ke taka ƙasa da yatsu biyu ko huɗu, tare da raƙumi da dorina da raƙumin dawa. Danginta na kusa su ne Bovidae, masu tuƙa, masu ciki ɗaki huɗu, masu ƙahon da ke da ƙashi a cikinsa, ba ya yin rassa kuma ba ya zubewa kowace shekara. Akuya da tunkiya da barewa da gada duk nan suke. A cikin dangin akwai Bovinae, a cikinsa kuma akwai gidan Bos, wanda shi ne kalmar farko a sunan saniya.

Baunar da ke Yankari, ko da wasu na ce mata saniyar daji, ba a gidan Bos take ba. Sunanta Syncerus caffer, kuma ba ta haihuwa da saniya. 'Yan gidan Bos na ainihi a Asiya suke: yak mai dogon gashi na tsaunukan Tibet, gaur na dazukan Indiya, da banteng na Indonesiya.

Akwai kalmomi uku da nake so ka raba su a kanka, domin a bakinmu duka "iri" muke cewa. A wannan amsar, jinsi shi ne kalma ta biyu a sunan kimiyya, reshe shi ne kalma ta uku, iri kuwa shi ne abin da makiyaya suka zaɓa suka raina da hannunsu, kamar Bunaji, Rahaji, Bokoloji, Wadara, Firisiyan. Iri ba ya samun sunan Latin. Bunaji da Rahaji iri biyu ne a reshe ɗaya.

Inda sunayen uku suka samo asali

A 1758 masanin nan na Suwidin, Karl Liniyas, ya raɗa wa shanun Turai Bos taurus, ya raɗa wa masu tozo na Indiya Bos indicus. Da ido ya yi hukunci, kuma ido bai yi ƙarya ba. Ɗaya tana da tozo, da fata mai reto a ƙarƙashin wuya, da kunnuwa manya, ɗayar kuwa bayanta a miƙe yake. Ko kukansu ya sha bamban.

Daga baya, a 1827, wani masani mai suna Bojanus ya ba tsohon san daji suna Bos primigenius. Wannan dabba ce ƙatuwa, bijiminta yakan kai kusan mita 1.8 a kafaɗa, ta taɓa cika Turai da Asiya da Arewacin Afirka. Ta ƙarshe a duniya ta mutu a dajin Jaktorow na ƙasar Polan a 1627. Da bincike ya yi nisa sai aka gane cewa wannan san dajin shi ne kakan shanun gida duka, masu tozo da marasa tozo. A nan ne gizo ya fara saƙa. In kaka da jikoki jinsi ɗaya ne, dole su ɗauki suna ɗaya. Ƙa'idar raɗa suna ta ce wanda ya riga shi ake bi, kuma taurus ya girmi primigenius da kusan shekara saba'in. Amma wasu suka ga bai dace a kira dabbar daji da sunan ta gida ba. A 2003 hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta yanke hukunci ta kare sunayen dabbobin daji 17 da ke cikin irin wannan rikici, har da primigenius.

Ka ga ke nan kowane suna ra'ayi ne a dunƙule. Mai rubuta Bos indicus yana cewa masu tozo jinsi ne mai zaman kansa. Mai rubuta Bos taurus indicus yana cewa shanun gida jinsi ɗaya ne, masu tozo reshe ne a ciki. Mai rubuta Bos primigenius indicus ya haɗa har da kakan, yana cewa duka ukun abu ɗaya ne.

Me ya sa suke haihuwa tare

Ma'aunin da aka fi koyarwa, wanda masanin halittu Ernst Mayr ya shahara da shi tun 1942, shi ne cewa dabbobi jinsi ɗaya ne in za su yi barbara su haifi ɗan da shi ma zai haihu. Misalin da kowane Bahaushe ya sani shi ne alfadari. Doki yana da kuromosom 64, wato ƙunsoshin da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayar jiki, jaki yana da 62, alfadari ya tashi da 63. Ba su rabuwa biyu daidai, shi ya sa alfadari ga ƙarfi ga juriya amma ba zuriya. Ko yak, da yake gida ɗaya da saniya, in aka haɗa su matan suna haihuwa amma mazan ba sa yi wa mace ciki.

Bunaji kuwa tana da 60, Firisiyan ma 60, kuma suna dacewa da juna. Maraƙin da aka samu, namiji ko mace, yana haihuwa lafiya lau, jikoki ma haka. Bambancin da ake gani a madubin ɗakin gwaji yana ga kuromosom ɗin namiji, wanda ake kira Y, siffarsa a masu tozo daban take da ta marasa tozo, amma wannan bai hana komai ba. Bisa wannan ma'auni babu gardama, jinsi ɗaya ne. Duniya ma ta cika da shaidu: Santa Gertrudis na Amurka haɗin Shorthorn ne da Brahman mai tozo, Girolando da ke ba Birazil madara haɗin Gir ne na Indiya da Holstein, 'yar'uwar Firisiyan.

To ina hujjar masu raba su? Tana cikin tarihi. A da an ɗauka sau ɗaya ɗan Adam ya horar da saniya, daga baya wasu suka yi tozo. Binciken ƙwayoyin gado na shekarun 1990 ya rushe wannan. Ya nuna cewa zuriyar masu tozo da ta marasa tozo sun rabu fiye da shekara 200,000 da suka wuce, tun babu wanda ya san kiwo a duniya. Wato san daji ya riga ya kasu, akwai na Indiya, akwai na Gabas ta Tsakiya da Turai, kuma kowanne daban aka kama shi aka horar. Marasa tozo an horar da su kusan shekara 10,500 da suka wuce a saman kogin Furatu, wajen kudu maso gabashin Turkiyya ta yau. Masu tozo kuwa a kwarin kogin Indus, cikin Pakistan ta yau, kusan shekara 8,000 da suka wuce. Mai cewa jinsi biyu wannan doguwar rabuwa yake kallo. Ni kuma abin da nake gani a garke nake kallo: sun rabu sun daɗe, amma da suka sake haɗuwa jini bai ƙi jini ba.

A jarrabawa ka rubuta wanda malaminka ya koyar, ka ƙara layi ɗaya ka nuna ka san sauran. A rubutun bincike kuma ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe.

Muturu, da abin da littafi ba ya yawan faɗa

Wannan ɓangaren na tambayarka shi ya fi faranta mini rai, domin a nan ɗalibanmu suke yawan zamewa. An saba mana da cewa taurus na Bature ne, indicus namu ne. Ba haka abin yake ba.

Muturu taurus ne. Ndama, wadda asalinta tsaunukan Futa Jalon ne a Gini, taurus ce. Kuri ta tafkin Chadi, mai ƙahon nan kumburarre kamar tulu, wadda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ita ma taurus ce. A tsanin kimiyya waɗannan ukun sun fi kusa da Firisiyan a kan Bunajin Baba. Kuma su ne 'yan gari, sun riga masu tozo zuwa Afirka da dubban shekaru. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Tassili a saharar Aljeriya, tun lokacin da sahara take da ciyawa da tafkuna, marasa tozo ne.

Na fara ganin muturu ido da ido ne a farkon aikina, a wani ƙauye da ke gindin dutse kudu da Jos, mun je rigakafi. Aka jawo mini wata 'yar baƙar saniya mai dabbare-dabbaren fari, gajerun ƙafafu, ƙaho bai fi tsawon yatsana ba, tsayinta bai kai ƙuguna ba. Na ce wa mai ita, "Baba, wannan maraƙar ai ta tsumbure, tsutsar ciki ce ko yunwa?" Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Likita, buɗe bakinta." Na ɗaga leɓen ƙasa, sai ga haƙoran girma takwas cif, har sun fara cinyewa. Haihuwarta huɗu. Ya ce tun kakanninsa irin da suke da shi ke nan, ba a tatsarsu, ba a kai su kara, sai biki ko rasuwar babban mutum ake yanka ɗaya. A wannan kwarin akwai ƙudan tsando, shanun Fulani ba sa iya yin damina a wurin, ita kuwa ga ta sumul. Ranar na koyi abin da ban samu a aji ba.

Abin da ya ba muturu da Ndama wannan daraja shi ne jure wa sammore. Ƙudan tsando yana cizonsu, ƙwayar cutar tana shiga jininsu, amma jikinsu yana danne ta, jininsu ba ya ƙarewa kamar yadda na mai tozo yake yi. Dubban shekaru na zama da ƙudan ne suka gina wannan, ba a sayensa a kanti. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga yadda suke ƙarewa, ana ta sa musu manyan bijimai don a sami jiki, Kuri ma tana narkewa cikin shanun Shuwa da na Bororo tun da tafkin ya ja baya.

Masu tozo kuwa baƙi ne da suka zama 'yan gida. Sun shigo ta gabashin Afirka, mafi yawa ta hanyar fataucin teku da Larabawa, musamman daga ƙarni na 7 zuwa gaba, suka yi ta yaɗuwa yamma tare da makiyaya. Annobar cutar shanu ta bushiya da ta shigo ta Eritiriya a 1887 ta share garkuna har zuwa ƙasar Hausa cikin 'yan shekaru, kuma da aka zo sake tara dukiya jinin masu tozo ya ƙara rinjaye. Wannan cutar ce ma ta sa aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom a 1924, nan kusa da kai, kuma sai a 2011 aka shelanta an kawar da ita daga duniya.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki a duk ilimin nan. Akwai wani ɗan gado da ake kira na mitokondiriya, wanda ta wajen uwa kaɗai yake bi. Da aka bincika shanun Afirka masu tozo, sai aka tarar wannan gadon nasu na taurus ne, ba na Indiya ba. Ma'anarsa ita ce bijimai aka fi shigowa da su, suka hau shanun da suka tarar a ƙasa, aka yi ta maimaitawa har tozo ya zauna. Saboda haka farar Bunajin nan mai baƙin hanci da baƙin kunne da ke garkenku, in ka bi ta wajen uba za ka ɓulla Indiya, in ka bi ta wajen uwa za ka koma ga marasa tozo irin na zanen sahara. Muna rubuta ta a indicus domin nan siffarta da yawancin jininta suka karkata, amma ruwa biyu ce tun asali. Akwai ma waɗanda haɗin nasu ya fito fili, kamar Keteku na yankin Borgu, da shanun Sanga na gabashi da kudancin Afirka irin su Ankole mai dogon ƙaho, waɗanda wasu masana ke ba su reshe na kansu, africanus.

Maganar bijimin Baba

Yanzu ka ga haɗin zai yi, maraƙi zai zo, zai kuma haihu. Amma ka faɗa wa Baba cewa rabuwar shekara dubu ɗari biyu ba ta tafi a banza ba. Mai tozo an gina ta don zafi. Gashinta gajere ne mai santsi, fatarta sakakkiya, tana zufa fiye da ta Turawa, kaska ba ta kama ta sosai, tana iya tafiyar yini a kan busasshiyar ciyawa. Tozon kansa tsoka ne da kitse, ba ruwa ba ne kamar yadda yara ke cewa. Firisiyan kuwa ɗaruruwan shekaru aka yi ana zaɓenta don nono a ƙasa mai sanyi da ɗanyar ciyawa. A can takan ba da lita 25 zuwa 30 a rana, ta yi haihuwar fari tana da shekara biyu. Bunaji a ruga, bayan maraƙi ya sha, lita ɗaya zuwa biyu ake samu, haihuwar fari kuma sai ta kai shekara huɗu ko fiye.

An taɓa kirana wata gona a gefen Abuja, cikin watan Maris. Mai gonar ya kashe kuɗi mai yawa ya kawo karsana tsantsar Firisiyan. Da azahar na same su cunkushe a inuwar rumfar kwano, baki buɗe, harshe waje, yawu na dalala, haƙarƙari na bugawa kamar zugazugin maƙera, dusa na gabansu ba wadda ta kalla. Da na ɗaga wutsiyar ɗaya, kaska ce jere kamar an shuka. Bayan shingen kuwa Bunajin maƙwabcinsa suna kiwo a tsakiyar rana hankali kwance. Saniyar da ba ta ci ba ba za ta ba da nono ba, kuma ba za ta ɗauki ciki da wuri ba.

Ku a Jos kuna da sa'a. Tudun ya haura mita 1,200, sanyinsa yana ɗauke wa jinin Turawa rabin wahala, shi ya sa aka daɗe ana haɗa Firisiyan da Bunaji a Vom, kamar yadda aka yi a Shika ta Zariya. Amma sanyi ba ya kashe kaska, kuma kirci yana cin masu jinin Turawa da damina fiye da namu.

Abin da na gani a aikina shi ne 'ya'yan farko, masu rabi da rabi, su ne suka fi albarka. Suna ninka nonon uwarsu sau da yawa in an ciyar da su, suna balaga da wuri, kuma suna riƙe da kaso mai kyau na juriyarta. Matsala tana farawa a zagaye na biyu. Mutum ya ga nono ya ƙaru, sai ya sake sa Firisiyan a kan 'yar, jika ta zama kashi uku cikin huɗu, ya sake, ta zama bakwai cikin takwas. Daga nan ya koma kiwon saniyar Turawa da aljihun mai Bunaji, kullum allura, kullum mutuwar maraƙa. Ga mai ƙaramin garke shawarata kada jinin Turawa ya wuce rabi zuwa biyar cikin takwas, sai in akwai rumfa, da ruwa a wadace, da harawa da dusa da anguryar da za ta kai rani, da wankan kaska a kan lokaci.

Da ni ne Baba, ba zan fara da sayen bijimi ba. Tsantsar bijimin Firisiyan yana da tsadar riƙo, zafi yana rage masa ƙarfin baye, ga faɗa in ya girma, kuma in ka sake shi a garke zai hau kowace saniya, har wadda ba ka so. Gara a ware shanu uku ko huɗu waɗanda suka taɓa haihuwa, masu faɗin ƙugu, a yi musu ɗurin maniyyi ta hannun ma'aikacin da ya iya. Kada a fara da ƙananan karsana, domin maraƙin yakan zo da girma, na sha fitar da irinsu da tsakar dare. Sauran garken a bar su Bunaji tsantsa da bijiminsu nagari, saboda su ne za su ci gaba da haifo uwayen da za a riƙa haɗawa. Kafin komai kuma a gwada su don bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari.

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan, tun da ban ga shanun ba, ban ga wurin kwanansu da abincinsu ba. Kuma ko na zo, ido ba ya auna jini. A karar Bukuru za a nuna maka saniya mai baƙi da fari da ɗan guntun tozo a ce maka rabi da rabi ce, alhali tana iya zama kashi ɗaya cikin huɗu ko uku cikin huɗu, domin launi da tozo ba sa bin lissafi daidai. Gwajin ƙwayoyin gado ne kaɗai ke tabbatarwa, shi kuma ya fi ƙarfin ƙaramin makiyayi. Abin da ke hannunka shi ne littafi da biro. Tun da kai ne mai karatu a gidan, ka buɗe wa kowace saniya shafi: sunan da Baba yake kiranta da shi, uwarta, uban da aka sa mata, ranar baye, ranar haihuwa, da nonon da aka tatsa ko da sau ɗaya a mako ne, a auna da kwano ɗaya kullum. In ka tara na shekara guda ka turo mini, mu duba tare mu ga waɗanda za a sake haɗawa da waɗanda za a mayar wa bijimin Bunaji.